Landan zuwa Faris: Yadda Tafiyar Ta Gajarta

Tsakanin Landan da Faris kimanin kilomita 340 ne idan aka miƙe sak. Tazarar ba wata mai yawa ba ce, sai dai teku ta shiga tsakani. A da, matafiyi sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Dover, ya shiga jirgin ruwa, ya kuma nemi wani jirgin ƙasan a Calais. Kafin ya isa, wuni ya kusa ƙarewa.

Ranar 25 ga Yuli 1909 wani Bafaranshe mai suna Louis Blériot ya tashi daga kusa da Calais cikin ɗan jirgin sama na katako da yadi, ya sauka a Dover bayan minti 36 da ɗoriya, ya karɓe fam 1,000 da jaridar Daily Mail ta sa wa duk wanda ya fara ƙetarawa. Jigilar fasinja kuwa sai da yaƙin duniya na farko ya ƙare, aka bar jiragen soja da matuƙansu ba aikin yi. A 25 ga Agusta 1919 kamfanin Aircraft Transport and Travel ya fara zirga-zirgar kullum daga Hounslow a gefen Landan zuwa Le Bourget a gefen Faris. Ɗaya daga cikin jiragen ranar, DH.4A, asalinsa na jefa bama-bamai ne aka yi wa gyara. Fasinjansa ɗaya tak, ɗan jarida, sai kayan fatu da naman tsuntsayen daji. Awa biyu da rabi suka yi a sama.

Matuƙan lokacin sun cancanci jinjina. A buɗe suke zama, iska da sanyi na dukan fuska, suna leƙen titi ko layin dogo don kada su ɓata. Wannan ne ya jawo masifar 7 ga Afrilu 1922, inda jirage biyu masu bin titi ɗaya cikin hazo suka yi taho-mu-gama a yankin Picardie, mutum bakwai suka rasu. Bayan nan aka sa dokar kowa ya riƙe damansa, aka kuma dage wajen sa rediyo a jirage.

Yau abin da ake yi a sama bai cika kai awa guda ba. Amma filayen Heathrow da Charles de Gaulle duk a bayan gari suke, ga layin bincike, ga jiran kaya. Lokacin da injin ya rage, ƙasa ta cinye shi.

Shi ya sa buɗe ramin ƙarƙashin teku mai tsawon kilomita 50 a 1994 ya sauya lissafi. Jirgin ƙasan Eurostar ya fara da wajen awa uku. Da aka kammala sabon layin dogo a 2007, tafiyar ta koma kimanin awa biyu da kwata, daga tashar St Pancras a tsakiyar Landan har Gare du Nord a tsakiyar Faris. Mafi yawan masu tafiya tsakanin biranen biyu yanzu jirgin ƙasa suke hawa.