Zoben Tagulla Mai Surar Gumaka a Daular Rum

Wannan zobe ne da talakawa, ƙananan 'yan kasuwa da sojojin Daular Rum suka riƙa sawa, musamman daga ƙarni na 1 zuwa na 4 Miladiyya. Ana zuba shi da jan ƙarfe haɗe da kuza, wani lokaci a ƙara dalma ko tutiya, a bar masa faffaɗan kai. A kan nan ake sassaƙa surar abin bauta, ko a dasa dutse ko gilashi mai ɗauke da ita. Asalin aikinsa hatimi ne: a danna shi a kan kaki ko yumɓu don rufe wasiƙa, tulu ko ɗakin ajiya.

Abin da aka rubuta

Marubutan Rum sun yi dogon bayani a kan zobe, amma na zinariya da baƙin ƙarfe suka sa a gaba. Pliny Babba, wanda ya mutu a aman wutar dutsen Vesuvius a shekarar 79, ya ce a dā hatta dattawan majalisa na ƙarfe suke sawa. Jakada kaɗai hukuma ke ba na zinariya, shi ma in ya koma gida sai ya mai da na ƙarfe. Ko a zancen zinariyar bakin marubutan bai zo ɗaya ba. Zobban da Hannibal, abokin gabar Rumawa, ya kwashe daga gawarwakin manyan Rumawa a yaƙin Cannae, shekara ta 216 kafin Miladiyya, Pliny ya ce mudu uku ne na awon Rumawa. Marubucin tarihi Livy ya ji masu cewa uku da rabi, amma ya fi gaskata mudu ɗaya.

A shekarar 23, zamanin Sarki Tiberius, doka ta tsananta: ba mai sa zinariya sai wanda shi da ubansa da kakansa duk 'ya'ya ne, ba bayi ba, kuma dukiyarsa ta kai sestersi 400,000 na kuɗin Rumawa. Nan kasuwar tagulla take, domin sabuwarta tana walƙiya kamar zinariya, ga araha, ba kuma dokar da ta hana ta. Sarki Septimius Severus ya halatta wa sojoji zinariya a 197, sai dai izini daban, kuɗin saye daban.

Surorin

Manya ne suka nuna hanya. Julius Kaisar yana hatimi da gunkiya Venus riƙe da makamai. Sarki Agustus ya fara da dodon nan mai jikin zaki da kan mutum, ya koma surar Iskandar Mai Girma, daga baya tasa. Pliny kuma ya lura cewa a zamaninsa maza sun fara sa Harpocrates da sauran gumakan Masar a yatsu.

Na ƙasa suka ɗauka gwargwadon bukatarsu. Ɗan kasuwa ya nemi Mercury mai jakar kuɗi da sanda. Soja ya zaɓi Mars, ko Victoria mai fukafukai, ko Hercules da kulkinsa. Fortuna, gunkiyar sa'a, ta kowa ce. Aikin yawanci na gaggawa ne, 'yan layuka kaɗan, har sai ta abin da surar ke riƙe da shi ake gane ko wace ce. A ƙarni na 3 gilashin da aka zuba a mazubi ya yawaita a madadin dutse, sura ɗaya a maimaita ta har ta dushe. A larduna abin bautar gida ma ya shigo: a yankin Lincolnshire na Ingila an tsinci zobban azurfa da na tagulla masu haruffa TOT, waɗanda ake dangantawa da gunkin nan Toutatis.

Wajen shekara ta 200, malamin Kirista Clement na Iskandariyya ya hori Kiristoci su bar fuskokin gumaka, su yi hatimi da kurciya, kifi ko jirgin ruwa. Bayan ƙarni na 4 tsofaffin surorin suka ja baya.

Sanin shekarunsu

Tun da littattafai sun yi shiru a kan zoben tagulla, abin da aka tono ne shaida. Friedrich Henkel ya tsara zobban yankin kogin Rhine a 1913, Martin Henig ya tattara sassaƙaƙƙun duwatsun Birtaniya a 1974, Hélène Guiraud ta rarraba na Faransa bisa siffa a 1989. Da waɗannan ake auna zobe: mai sulɓin kafaɗa ya fi kama da ƙarni na 1 da na 2, mai kafaɗa masu kusurwa na 3. A magudanar gidan wankan sojoji na Caerleon, a Wales, an sami sassaƙaƙƙun duwatsu 88 da suka zube daga zobban masu wanka. Irin wannan shi ne abin dogaro, domin an san wurin da ya kwanta.

Na kasuwar kayan tarihi kuwa sai a yi hattara. Da yawa cikin waɗanda ake tallatawa a intanet da sunan Rumawa na ƙarnonin baya ne, wasu sabbin ƙira ne da aka shafa musu koren tsatsa, wasu kuma tsohon zobe ne aka yi wa sabon zane don ya ƙara kuɗi. Zoben da ba a san ramin da ya fito ba bai isa a gina tarihi a kansa ba.