Daga Kakalaba Zuwa Ambaliyar 2012: Yaushe Agaji Yake Isowa?



Kakanninmu sukan raɗa wa kowace babbar yunwa suna, don kada na baya su manta. Wadda ta fi muni ita ce Kakalaba. Damina ta gaza a 1913, kafin kakar 1914 mutane sun mutu ba adadi a ƙasar Kano da kewaye. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano tun 1911, yana kwasar gyaɗa zuwa Ikko, amma hatsin agajin da Turawan mulki suka kawo kaɗan ne, kuma a makare. Haraji kuwa ba a daina karɓa ba. Manomi ya sayar da hatsinsa da kaka don ya biya, bazara ta same shi da rumbu wayam.

Yunwar 1927 aka kira 'Yar Buhu, saboda buhunan hatsin da aka riƙa shigowa da su. Ta 1942 kuma 'Yar Gusau, don can jama'a suka nufa neman abinci.

Farin 1972 zuwa 1974 ya haɗa arewacin Najeriya da Nijar da Chadi. Shanu sun mutu, rijiyoyi sun ƙafe, magidanta sun bar gida. Masu gudun yunwa da yawa sun bi hanyar da fataken goro da na shanu suka saba bi, suka sauka a zangonnin Kudu irin su Sabon Ibadan da Agege. A nan masu masauki da sarakunan Hausawa da limamai suka karɓe su. Baƙo kan samu wurin kwana da tuwon dare, har a nema masa dako ko ga-ruwa. Sai a 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar agajin gaggawa, wadda aka faɗaɗa ta koma NEMA a 1999.

A 2012 kogin Kwara da na Binuwai suka cika suka batse, bayan ruwan sama mai yawa da sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Hanyar Lokoja zuwa Abuja ta yanke, motocin hatsi da na dabbobi suka yi cirko-cirko. NEMA ta ce mutum 363 sun rasu, fiye da miliyan 2 sun bar gidajensu. A watan Oktoba gwamnati ta ware naira biliyan 17.6, ta kuma naɗa kwamitin tara gudunmawa ƙarƙashin Aliko Ɗangote da Olisa Agbakoba. Kafin nan mutane sun yi makonni a makarantu da masallatai da coci-coci, maƙwabta na ciyar da su.

Cikin shekara ɗarin nan agajin hukuma ya ƙaru ƙwarai, amma har yau makon farko na hannun maƙwabci ne. Manomanmu sun san haka, shi ya sa suke da rumbun tsimi, wanda ba a taɓawa sai shekara ta ɓaci.

Mu mazauna Kudu ba mu da rumbu, sai asusun ƙungiya. In mun jira sai gobara ta ci kasuwa sannan mu zaga da faranti, mun makara. A riƙa zuba kuɗin wata-wata, a rubuta sunayen marayu da zawarawa da tsofaffin unguwa tun ana zaune lafiya, a kuma karanta lissafi a gaban jama'a.

Allah Ya kiyaye mu daga fari da ambaliya da gobara, amin.