Kuɗi Kaɗan a Hannun Ɗan Gari

A shekara ta 2014 'yan Boko Haram suka faɗa wa garuruwan Borno da Adamawa cikin Nijeriya, har suka ci Mubi. Jama'a suka watse. Sa'an nan Ikilisiyar 'Yan'uwa ta Amurka ta tara gudummawa, ta ba ƙananan ƙungiyoyin 'yan ƙasa wani kashi. Ƙungiyar Rebecca Dali ta koya wa gwauraye ɗinki, ta ba su keken ɗinki. Wata kuwa ta gina wa 'yan gudun hijira gidaje a Gurku, Kirista da Musulmi suka zauna tare.

Mu lura, 'yan'uwa: kuɗi kaɗan a hannun ɗan gari yakan yi aiki babba, gama shi ya san gidan da aka kwana da yunwa.