Zayyanar Allo da Zanen da Ba Ya Kama da Komai

Kwanan baya wani ya turo min hoton wani zanen tawada, layuka baƙaƙe a warwatse kan farar takarda, ya ce, "Wai wannan ma zane ne?" Sai na tuna allon saukata.

A ƙauyenmu ta wajen Batsari, idan yaro ya sauke Alƙur'ani, akan kai allonsa wurin mai zayyana. Tawadarsa gawayi da ƙaro, alƙalaminsa kara. Ya ware wurin Fatiha da farkon Baƙara, sauran ya cika da da'ira da layuka masu shiga juna, ja da rawaya da kore. Babu mutum, babu dabba. Amma ban taɓa jin an tambayi ma'anarsa ba. Tsofaffi dai su duba su ce, "Hannun malamin nan ba ya rawa."

To irin wannan kallon ne masu zane a New York ta Amurka suka nema bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wajen 1947 Jackson Pollock ya fara shimfiɗa ƙyalle a ƙasa yana ɗiga masa fenti. Franz Kline kuwa yakan ja baƙar tawada a shafukan littafin lambobin tarho. Mai zayyana yana auna layinsa, su kuma suna sakin hannu, amma abin dubawa ɗaya ne: inda tawada ta yi kauri, inda ta bushe, inda aka bar fili.

Wanda ya haɗa hanyoyin biyu shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin allo. Ya yi karatu a Landan, ya dawo gida ya koma kan haruffan Larabci, yana lanƙwasa su har su daina karantuwa. A 2013 gidan adana zane na Tate Modern ya baje aikinsa.

Abin da ke damuna shi ne namu. Hare-hare daga dajin Rugu sun tashi ƙauyuka a Batsari da Safana, mai gudun ceton rai kuwa ba ya tsayawa ɗaukar allo. Nawa ma can ya rage. Don Allah, in akwai allon zayyana a gidanku, ku ɗauki hotonsa, ku tambayi iyaye wa ya zana, a wace shekara, ku rubuta.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.