Daga NEPU Zuwa Soke Haraji

Ran 8 ga Agusta 1950 ne wasu mutum takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Babban kukansu shi ne halin da talaka ke ciki a hannun En'e: haraji a kan kowane baligi, jangali a kan kowace saniya, ga kuma aikin tilas. Malam Aminu Kano ya ja ragamar wannan gwagwarmaya, Hajiya Gambo Sawaba kuwa ta sha ɗauri a kanta.

Sai da aka shekara 29 kafin haƙa ta cim ma ruwa. A 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali.

Amma fa a lura. A lokacin kuɗin man fetur ya riga ya cika baitulmali, gwamnati ba ta dogara da kwabon manomi ba. Wanda ba a neman kuɗinsa kuwa, da wuya a nemi shawararsa. An sauke wa talaka kaya, saura ya sami ikon tambayar yadda ake kashe dukiyar ƙasa. Wannan aiki yana wuyanku.