Lauyan Mai Gida: Daga Ramin Kuza Zuwa Kotun Ma'aikata

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Wani abokina da muka yi firamare tare a Tudun Wada ya yi shekara 3 yana aiki a wani kamfanin casar shinkafa. Wata safiya ya je, mai gadi ya ce an ce kar ya shiga. Shi ke nan. Babu notis, babu ko sisi. Da ya matsa, sai aka aiko masa da wasiƙa daga ofishin lauyan kamfanin, layi huɗu kacal. Abin da ta ƙunsa shi ne, a takardun kamfani babu inda aka nuna shi ma'aikacinsu ne, wani ɗan kwangila ne ya kawo shi. Ya kawo mini wasiƙar yana tambaya, "Wai dama akwai lauyan da aikinsa ke nan, kare masu kamfani?"

E, akwai. Sana'a ce babba, wasu sun yi shekara talatin suna cin abinci da ita. Yau tarihin wannan sana'a za mu bi, domin in ka san inda ta samo asali, za ka gane da wane makami take yaƙi.

Mu fara daga gida. Riruwai da ke ƙaramar hukumar Doguwa tsohon garin kuza ne. Tun kafin zuwan Turawa mutanen wurin suke haƙo ta, su narka, fatake su kai kasuwanni. Wannan kuzar da ake gani a kasuwa ce ta ja hankalin kamfanin Neja na Turawa a farkon ƙarni na 20, suka bi sawunta har tsaunukan Jos. Cikin 'yan shekaru ƙasar da ma'adinanta suka koma hannun gwamnatin mulkin mallaka, kamfanoni suka karɓi lasisi, sana'ar narka ta gargajiya ta mutu. Masu abu suka koma leburori.

To wace doka ce tsakanin lebura da kamfani a lokacin? Dokar da Turawa suka zo da ita daga Ingila, sunanta ma ya isa bayani: dokar ubangida da bara. Kuma kamfanonin kuza ba kasafai suke ɗaukar lebura kai tsaye ba. Heluma ko ɗan kwangila ne zai tara mutane, shi ake ba kuɗi, shi zai raba. In an cuce ka, da heluma za ka yi, Bature bai san ka ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Birtaniya ta rasa babbar hanyar samun kuza ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Sai aka kafa dokar aikin tilas. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi talakawa wajen 100,000 daga lardunan Arewa ta hannun En'e, aka kai su ramukan kuza na Filato. Sanyi da yunwa da cuta sun kashe da yawa. A irin wannan zamani mai kamfani ba ya wani buƙatar lauyan da zai kare shi daga ma'aikaci. Di'o da ɗan doka sun ishe shi.

Abin da ya haifar da sana'ar lauyan mai gida shi ne ranar da ma'aikata suka fara samun baki. A 1938 aka yi dokar da ta halatta rajistar ƙungiyoyin ƙwadago. A 1945 aka yi yajin aikin gama-gari na sama da kwana 40 a kan tsadar rayuwa, wanda ya fito da sunan Michael Imoudu na ma'aikatan jirgin ƙasa. Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka buɗe wuta a mahaƙar kwal ta Iva Valley a Inugu, suka kashe ma'aikata 21, abin da ya girgiza ƙasar har aka kafa kwamitin bincike. Daga nan ya bayyana cewa bindiga kaɗai ba za ta riƙe ma'aikata ba. A 1957 masu kamfanoni suka kafa tasu ƙungiyar, NECA. A shekarar ce kuma masaƙar KTL ta fara aiki a Kaduna, sannan masana'antu suka yi ta ƙaruwa a Bompai, daga baya Sharaɗa da Chalawa. Rigima ta tashi daga bakin rami ta koma kan tebur, kuma a kan tebur mai takarda ne sarki.

Shekaru da yawa aikin wannan lauya bai da wuya sosai, saboda ƙa'idar ubangida da bara tana nan a kotuna ko bayan samun 'yanci. Shahararren misali shi ne shari'ar Chukwumah da kamfanin Shell, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1993. Ma'anar hukuncin ita ce, a kamfani mai zaman kansa, in dai an bi sharaɗin notis da ke cikin yarjejeniya, ba ruwan kotu da dalilin sallama. In ma ba a bi ba, abin da ma'aikaci zai samu galibi bai wuce albashin kwanakin notis ɗin ba. Kotu ba za ta tilasta wa mai gida ya riƙe wanda ba ya so ba. Don haka shawarar da lauya ke ba kamfani gajeriya ce: kar ka faɗi dalili. Ka rubuta cewa ba a buƙatar aikinsa, ka biya kuɗin notis, ka rufe baki. Wanda ya ba kamfani shekara 20 na ƙuruciyarsa sai ya tashi da albashin wata guda.

Canji ya zo a hankali. Dokar sasanta rikicin ƙwadago ta 1976 ce ta kafa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Amma da yake babu sunanta a jerin manyan kotuna na tsarin mulkin 1999, lauyoyi sun daɗe suna amfani da wannan giɓi, su ce ba ta da hurumi, shari'a ta yi shekaru ba a ko taɓa ainihin maganar ba. Sai a Maris 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a gyaran tsarin mulki na uku. Sashe na 254C ya ba kotun ikon sauraron duk shari'ar aiki da ƙwadago ita kaɗai, ya kuma ba ta damar duba zalunci a wurin aiki da ma'aunin da duniya ta yarda da shi. A 2015, a shari'ar Aloysius da bankin Diamond, kotun ta ce korar mutum ba tare da dalilin da ya shafi aikinsa ko halinsa ba ya saɓa wa wannan ma'auni. Har yau lauyoyi na jayayya a kan iyakar wannan sabon matsayi, amma tsohuwar shawarar nan ta "yi shiru ka biya notis" ta daina zama garkuwar da ba ta hudawa.

Kar ku ɗauka lauyan mai gida ya rasa aiki. Duk wanda ke jami'a a 2022 ya ga aikinsa da idonsa. ASUU ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu. Bayan wata bakwai, ministan ƙwadago Chris Ngige ya miƙa rikicin ga Kotun Ma'aikata. A nan gwamnatin tarayya ita ce mai gida. Babban lauya James Igwe ya tsaya mata, Femi Falana ya tsaya wa malamai. Lauyan gwamnati bai tsaya gardamar ko an cika alkawarin 2009 ko ba a cika ba. Ya kama sashe na 18 na dokar 1976, wanda ya hana ci gaba da yajin aiki da zarar magana ta je gaban kotun. Ranar 21 ga Satumba Mai shari'a Polycarp Hamman ya ba da umarnin a koma aji, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a fara bin umarnin tukuna, ranar 14 ga Oktoba aka janye yajin. Abin da zaman sulhu na wata da watanni ya kasa, sashe ɗaya na doka ya yi shi cikin makonni. Ko kana bayan ASUU ko ba ka bayanta, darasin ɗaya ne: wanda ya fi sanin takarda shi ya yi nasara.

Yanzu mu dawo kan heluma. Da kotu ta fara tsananta wa masu kora ba dalili, sai babban aikin lauyan kamfani ya koma tun kafin a ɗauke ka. Shi ke tsara yarjejeniyar da za ta kira ka ɗan wucin gadi, ko ta sa wani kamfanin samar da ma'aikata a tsakani, ko a riƙa sabunta maka kwantiragi duk wata shida. Helumar Riruwai ce ta dawo, sai dai yanzu tana da ofis da hatimi. Abin da ya faru da abokina ke nan.

Ni dai ban ɗauki wannan lauya a matsayin maƙiyi ba. Kowa na da haƙƙin a kare shi a kotu, kuma akwai ma'aikatan da ke sata ko wasa da aiki. Na kirki a cikinsu shi ne ke gaya wa Alhaji gaskiya, cewa biyan yaron nan haƙƙinsa ya fi shari'a araha. Mu a kudancin Kano ma neman masu zuba jari muke, daga Bebeji har Doguwa. Matsalar ita ce gefe ɗaya yana zuwa da fayil, ɗaya gefen yana zuwa da rantsuwa.

Don haka ga abin da ya kamata kowane matashi ya sani, ko a gidan mai kake a Kwanar Ɗangora, ko a injin casa, ko a wurin haƙar ma'adinai. Dokar Ƙwadago, sashe na 7, ta wajabta wa mai aiki ya ba ka rubutattun sharuɗɗan aikinka cikin wata 3 da farawa. Sashe na 11 ya tsara notis: kwana 1 in aikin bai wuce wata 3 ba, mako 1 in bai kai shekara 2 ba, mako 2 in bai kai shekara 5 ba, wata 1 daga shekara 5 zuwa sama. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun Yuli 2024 naira 70,000 ne, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta kuma cire aikin gona na lokaci-lokaci, wanda shi ne aikin da yawancin mutanenmu ke yi a filayen noman rani na ruwan Tiga. Wannan giɓi ne da ya kamata mu riƙa tambayar 'yan majalisarmu a kansa. Kuma Kotun Ma'aikata tana da reshe a Kano, ba sai ka je Abuja ba.

In an ƙi ba ka takarda, ka tara taka. Alat ɗin banki mai sunan kamfani, katin shaida, hoton rajistar shiga aiki, saƙon WhatsApp da manaja ya ba ka umarni. Kar ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba, ko da ana cewa mota na jira. Abokina da aka riƙa biyansa a hannu shekara 3 bai da ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa wasiƙa mai layi huɗu ta gama da shi.

Kakanninmu da aka kwasa zuwa ramin kuza ba su da kotun da za su je. Mu muna da ita, sai dai ba ta jin "wallahi na yi musu aiki" in babu shaida.

Ku faɗa mana a ƙasa: a inda kuke aiki, an ba ku takardar ɗaukar aiki? Kar ku ambaci sunan wurin, e ko a'a ya isa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.