Yadda Lauya Ya Zama Jarumin Labari a Amurka

A labaranmu na gargajiya, in aka je gaban shari'a, alƙali ne mai hikima, shi ke ɗana tarkon da maƙaryaci zai faɗa. A ƙagaggun labaran Amurka kuwa lauya ne jarumi, kuma dalilin yana cikin tsarin kotunsu. A manyan laifuka, mutum goma sha biyu ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari su saurari shari'a, su ce an yi laifi ko ba a yi ba. Cikinsu akwai manomi, akwai direba, akwai malamar makaranta. Lauyan da ya fi iya tsara musu labari shi ke da rinjaye. To, me marubuci yake nema da ya wuce wannan?

Erle Stanley Gardner, lauya a Kalifoniya, ya gane haka da wuri. A 1933 ya ƙirƙiro Perry Mason, ya rubuta littattafai sama da 80 a kansa. Zubinsu kusan ɗaya ne: an kama wanda bai ji ba bai gani ba, Mason ya tsare mai shaida da tambayoyi har gaskiya ta fito. Da daɗi, amma bayan uku ni dai na ƙoshi.

Harper Lee ce ta ɗora wa salon nauyi a 1960 da To Kill a Mockingbird. Ta girma a Alabama, jihar da a 1931 aka zargi samari baƙar fata tara da yi wa Turawa mata biyu fyaɗe, aka gaggauta yanke wa takwas hukuncin kisa, kafin Kotun Ƙoli ta soke a 1932 saboda ba a ba su kariyar lauya ta kirki ba. A littafinta, Atticus Finch ya nuna ƙarara cewa Tom Robinson bai yi laifin ba, duk da haka aka ce ya yi. Mai karatu ya ga gaskiya da idonsa, ya ga an take ta, kuma wannan zafin ne ke hana shi ajiye littafin.

John Grisham ya zo ta wata ƙofar. Yana lauya a Misisipi, a 1984, ya ji wata yarinya 'yar shekara 12 tana ba da shaidar fyaɗen da aka yi mata, sai ya tambayi kansa: da ubanta ya kashe masu laifin fa? Daga nan A Time to Kill ya fito a 1989, kwafi 5,000 kacal a bugun farko. Tun farkon littafin an san uban, baƙar fata, shi ya yi kisan. Shafukan da suka rage duka a kan tambaya ɗaya suke: Turawa goma sha biyu za su sake shi?